Fitsarin Aro

Wautar da na tafka a duniya tana da yawa, amma wadda za ni faɗa yau ita ce uwarsu. Ni ne mutumin da ya ari fitsarin wani ya kai asibiti da sunan nashi ne. Ba ina yaro na yi ta ba. Da furfurata na yi ta, da jikoki, da tabon sallah a goshi. Tunda mutanen Sabon Birni sun riga sun yaɗa labarin, kowa da irin yajin da ya barbaɗa mai, gara in faɗe shi da bakina ko na rage wa kaina wani abu.

Ni mahauci ne, ɗan mahauci. Bokona aji biyu ne, na biyun ma rabinsa bisa iccen mangwaron bayan makaranta na yi shi. Amma in maganar ƙoda ce, ba na jin akwai wanda ya taɓa ta kamar ni a ƙasar Gobir. Ta rago, ta akuya, ta sa mai ɗaki-ɗaki, har ta raƙumi, duk sun bi ta hannuna. Ka rufe mini ido ka aza mini ƙoda a tafin hannu, za ni gaya maka dabbar da ta fito cikinta. Sai dai da za ka tambaye ni aikin da take yi cikin ciki, da sai in ce maka Allah ya halicce ta ne don a soke ta a tsinke tsakanin kitse biyu. Shekara arba'in ina sayar da ita ban taɓa tunawa ni ma ina ɗauke da biyu ba.

Ruwa kuwa ba abokina ba ne. Mahauci ba ya barin teburinsa, in ka juya baya ko dai ungulu ta sauka ko mai saye ya wuce gun maƙwabci. Ranar kasuwar Isa ko ta Bafarawa kuma, tun da hanya ta lalace 'yan shekarun nan, babu ɗan kabu-kabun da zai tsaida babur tsakar daji don wani tsoho ya tsuguna. Sai ya ce maka, “Baba, riƙe shi, mun kusa.” Sai na yi wa kaina dabara irin ta masu aji biyu, na ce in ban zuba ba, ba abin da zai nemi fita. Goro da safe, tsire da yaji da rana, gishiri kamar ana raba shi sadaka. Lokaci ɗaya ne nake samun sararin kai moɗa baki, wajen azahar, in kasuwa ta lafa.

To, wannan lokacin ma sai surukina ya cinye shi.

Mijin ɗiyata ta fari ne. Ita kanta ɗiyar ban taɓa kama sunanta ba tun da anka haife ta, balle mijinta. Ba na cin abinci gabansa, ba na shan ruwa gabansa, ko atishawa ta zo mini yana wurin sai in haɗiye ta. Mutum ne mai ladabi har ladabin ya zame mini jarrabawa. Asibiti yake aiki, kuma kullum in ya taso wajen azahar sai ya biyo ta teburina ya durƙusa. Ya gaishe ni da gajiya, da kasuwa, da zafi, da iyali, sannan ya zauna ƙarshen benci ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Shi a ganinsa tashi da wuri raini ne. Ni kuma da na hango farar rigarsa sai in tura moɗar ƙarƙashin tebur da ƙafa. Kafin ya tashi masu sayen naman marece sun fara zuwa. Haka munka yi shekara bakwai, yana girmama ni, ina bushewa.

Wata bazara sai wani abu ya fara sukata a kwiɓin dama, daga baya ya gangaro mara, kamar ana juya mini tsinken tsire a ciki. Ya zo, ya tafi, ya dawo. Na sha sassaƙe, na sha kanwa, na sa wanzami ya yi mini ƙaho. Fitsarina da ma kalar shayin da ba madara gare shi, sai ya koma kalar zoɓo. Na ɓoye har ranar da uwar gidana ta same ni bayan ɗaki na rungume turmi ina zufa.

Ta ce, “Malam, sabuwar amarya ka yi da turmin?”

Na ce, “Gwada nauyinsa nake.”

“To in ka gama gwadawa ka sa riga. Asibiti za ka, ko da ƙafarka ko a amalanke.”

Likitan da na gani ya danna mini baya na yi ƙara, ya yi rubutu a takarda, ya ce in kai ɗakin gwaji a duba fitsarina. Na bi inda anka nuna mini har wata taga. Na leƙa. Surukina ne zaune ciki.

Na san asibiti yake aiki, amma ban taɓa tambayar mi yake yi ba, wa zai tambayi suruki? Na zaci allura yake yi ko rubutu. Ashe shekara bakwai ɗiyata tana auren mai duba fitsarin jama'a.

Yana ganina ya zube ƙasa don gaisuwa, sai ya ɓace daga tagar, muryarsa kaɗai ke tasowa daga ƙasa. Na amsa wa taga gaisuwa. Can sai hannuwa biyu sunka ɗago riƙe da wata 'yar kwalba mai jan murfi.

“Baba, na safe ake so. A kawo gobe, in Allah ya kai mu.”

Na jefa kwalbar aljihu kamar na saci abu. Duk hanyar gida ina lissafi. Ni, in cika wannan da abin da na sani mai kalar zoɓo, in miƙa wa mijin ɗiyata ta fari hannu da hannu? Ya ɗaga shi sama ya duba a hasken taga? Ya girgiza? Sannan da azahar ya zo ya durƙusa ya ce mini ina gajiya? Na ce wallahi ba da ni ba. Na fara tunanin ragon da ke ɗaure gidana, sai na tuna warin fitsarin rago ko mai mura ya san shi. Daga nan ne Shaiɗan ya tuno mini da abokina.

Bafillace ne, shekara talatin ina sayen shanu hannunsa. Ina ce mai Agwai, yana ce mini Kaɗo, ba mu taɓa rabuwa ba tare da mun zagi kakannin juna ba. Da daji ya ƙi zaunuwa sai ya matso da rugarsa kusa da gari, ta hanyar Gatawa, da 'yan shanun da sunka rage mai. Abin da ya sa na zaɓe shi, ban taɓa ganin mai shan ruwa kamarsa ba. Gora ba ta rabuwa da kafaɗarsa, ya shanye ya cika, ya shanye ya cika. Ciniki ɗaya sai ya zagaya bayan geza sau uku. Na ce wanda ke wanke cikinsa haka, ai fitsarinsa ko liman anka kai wa ba a jin kunya.

Ana sallame asuba na kama hanya. Na same shi yana kwance maruƙa.

“Kaɗo, lafiya da sassafe? Ba ni da saniyar da ta karye.”

“Ba saniya na zo nema ba. Aro na zo.”

“Aron mi?”

Na fiddo kwalbar na yi mai bayani, ina duban ƙasa. Ya dube ni, ya dubi kwalbar, ya zauna bisa turke don dariya ta hana shi tsayuwa.

“Ka ci naman shanuna, ka sai da fatarsu, ka dafa ƙafafunsu. Yanzu kuma fitsarina ka biyo? Kai Kaɗo, mi za ka bar wa magadana?”

“Agwai, rufa mini asiri. Suruki ne.”

Da ya ji kalmar suruki sai dariyar ta tsaya. In maganar kunya ce su ne malamanmu. Ya karɓi kwalbar da yatsa biyu, ya yi tafiya har na zaci Nijar za shi, ya ɓace bayan wata sabara. Da ya dawo sai ga kwalbar cike, ga kuma wata robar lemo rabi.

“Wannan fa?”

“Gyara ce. Ni ba na ciniki irin naku na mahauta.”

Na ɗaga kwalbar. Fari tas kamar ruwan rijiya, da 'yar kumfa a sama kamar an tatso nono. Na ji wani alfahari kamar ni na yi shi. Na kai tagar na aje, na juya baya ina karanta wata takarda da ke manne a bango, wadda ban gane ko baƙi ɗaya cikinta ba.

Jim kaɗan surukina ya fito da kansa. Ya durƙusa ya ce, “Baba, a ba ni yatsa.” Ya soke ni da wani ɗan tsinke, ya ɗiga jinin a bakin wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana, ya duba. Ya daɗe yana dubanta. Ya dubi kwalbar. Ya dubi takalmina, don ba ya duban fuskata. Sannan ya ce zai biyo gida da sakamako.

Da la'asar sakaliya ya zo. Munka zauna zaure, ni na fuskanci gabas, shi ya fuskanci ƙofa, uwar gida ta laɓe bayan zana inda take jin komai.

Ya ce, “Baba, mai wannan fitsarin yana da ciwon suga. Kuma ya daɗe da shi.”

Na ce, “To.”

“Sugan ya fara taɓa ƙodarsa. Ita ƙoda kamar rariya take. Jini ke bi ta cikinta dare da rana, ta tace dattin ta tura shi mafitsara da ruwa, mai amfanin ta maida shi jiki. In suga ya yi yawa cikin jini shekara da shekaru, sai idon rariyar ya buɗe, mai amfanin ya riƙa zuba. Kumfar nan da ke sama, alamarsa ke nan.”

Kumfar da na yi alfahari da ita.

“In an tare shi yanzu, da magani da kiyaye abinci, ana iya riƙe shi shekaru. In an bari, ƙafa ta fara kumbura, wata rana ƙodar ta aje aiki. Daga nan sai dai a riƙa kai mutum Sakkwato ana wanke mai jini da inji.”

Ba za ni ɓoye ba, abin da ya fara zo mini shi ne, alhamdu lillahi ba ni ba ne. Bai kai ga sauka cikina ba sai na ga abokina zaune bisa turke yana dariya, da wuyansa da ya rame bana har malfarsa ta yi mai yawa.

Na gyara murya. “To, Malam, sai a ba da maganin.” Na riga na shirya, in karɓa in kai ruga in ce na ƙarfin jiki ne.

“Likita ya ce ba a rubuta wannan maganin sai mai fitsarin ya zo da ƙafarsa an sake auna shi, an duba jininsa. Kafin nan dai a bar suga. A rage gishiri, a rage nama. A sha ruwa da yawa.”

Daga bayan zana anka ce, “An ji.”

Ban san uwar gidana tana da mulki cikin jininta ba sai wannan makon. Kafin magariba gwangwanin suga ya bar gidan. Miya ta koma kamar ruwan wanke hannu. Ta aika wa mai shayin bakin kasuwa cewa in ya zuba mini ko ƙwaya ɗaya ita da shi ne gaban alƙali. Ni da ke yanka sa, anka aje mini kwaɗon zogale ba ƙuli mai yawa. Ruwan ne kawai ta kasa, don ba ta bina har kasuwa.

Kwana na uku da safe ina zaune gun mai shayi da kofin ruwan bunu mai ɗaci, sai ga Agwai. Labari ya riga ya kai mai cewa an hana ni suga.

“Mai shayi, zuba mini nawa cokali biyar. Ka ƙara da na Kaɗo biyar, kar rabonsa ya lalace.”

Na ce, “Agwai, aje kofin nan.”

Ya kurɓa yana lumshe ido. “Kai, zuma. Kaɗo, ka ji ƙamshi?”

Na ja shi gefe, bayan rumfa. “Kai ba ka da hankali? Fitsarin wa anka auna? Ciwon nan naka ne.”

“Sunan wa ke bisa takardar?”

“Nawa.”

“Kwalbar wa ce?”

“Tawa, amma…”

“To. Da ya fita jikina lafiyarsa lau, kai ma ka yaba. Aljihunka ya shiga ya ɗauko ciwo. Aljihun mahauci mi ne babu ciki?”

“Je ka asibiti a duba ka, don Allah.”

“In ce masu mi? Ina ci, ina sha, ina bin shanu. Kai ne ke rungumar turmi, duk gari an sani.”

Ya zagaya bayan wani kango ya tsuguna, ya dawo ya ƙarasa shayinsa. Da ya tafi sai na je na leƙa wurin, abin da ban taɓa zaton za ni yi da girmana ba. Kiyashi sun yi layi sun kewaye jiƙaƙƙen wurin kamar an zubar da rake. Na bi shi da kallo yana tafiya. Takalminsa na roba ya tsage bayansu da wuƙa ya taka, don ƙafar ta daina shiga.

Ranar ban san abin da na sayar ba. Wata mata ta ce hanta na ba ta huhu. Na ɗauko ƙodar sa za ni yanka, na tsaga ta biyu, na tsaya ina duban 'yan hanyoyin da ke ciki, farare, duk sun gangara wuri ɗaya. Sau dubu nawa na ga wannan ina cire shi in jefa wa kare. Da azahar surukina ya zo ya durƙusa, ya zauna ƙarshen benci. Na buɗe baki sau uku, sau ukun abin da ya fito shi ne, “Ya zafi?” Shi kuma ya ce, “Da godiya, Baba.” Da zai tashi sai ya ce wa ƙasa, “Ciwon nan dai ba ya son jira.”

Kwana biyu na ƙara ina juya abin. In na yi shiru, abokina zai ci gaba da shan cokali goma har ƙodarsa ta tsaya, ni kuma in mutu da kwaɗon zogale a baki kan ciwon da ba nawa ba, nawa na gaskiya yana nan yana sukata. In na yi magana, na tsaya gaban mijin ɗiyata na ce ni tsohon banza ne mai aron fitsari. Na auna, na sake aunawa. Kunyar ta fi nauyi a sikelina, ba za ni yi ƙarya ba. Takalman nan da anka tsage ne sunka ƙi barin idona.

Saura yadda za a kai Bafillace asibiti yana ganin lafiyarsa lau. Nan dai aji biyuna ya yi amfani. Na ɗauki ɗan kabu-kabu munka tafi ruga.

“Agwai, an gano fitsarin ba nawa ba ne.”

“Madalla. Sai su ɗaure ka.”

“Ba shi ne ba. Likita ya sake dubawa ya ce kuskure anka yi. Ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa ganin fitsari mai kyan wannan ba. Ya ce wannan ba na Bahaushe ba ne, a kawo mai shi ya gan shi da idonsa.”

Ya gyara tsayuwa. “Haka ya ce?”

“Har ya kira sauran likitoci sunka taru.”

Ya shiga bukka ya fito da rigarsa ta sallah da sabuwar malfa.

Munka hau babur mu uku, ni a tsakiya. Hanyar kuwa duk ramuka ce da sawun shanu da ya bushe. Rami na farko na ji abin ya motsa. Na biyu ya soke ni. Kafin mu shiga gari na rungume ɗan kabu-kabun nan kamar turmin gidana ina kiran sunayen Allah har da waɗanda ban san na haddace ba. Agwai ya riƙe ni ta baya yana cewa, “Kaɗo, kar ka mutu yanzu, bari a gama yabona.”

Shi ya tallabe ni har tagar, da rigar sallarsa. Surukina ya fito da sauri zai durƙusa. Na ce kar ya durƙusa, don in ya yi ƙasa ba ni da ƙarfin amsa gaisuwa. Na juya na fuskanci bango, takardar nan da ba na iya karantawa, na ce mata:

“Malam, fitsarin ran nan ba nawa ba ne. Na wannan ne. Aro na yi. Shi ke da sugan. Ni nawa ja ne, kuma yanzu haka mutuwa nake.”

Na jira ƙasa ta tsage, ba ta tsage ba. Surukina ya juya. Ya koma ciki ya jawo aljihun tebur ya fiddo kwalabe biyu masu jan murfi, ɗaya da sunana an riga an rubuta, ɗaya ba suna. Ya miƙo da hannu biyu.

“Tun ranar na aje su, Baba. Jinin yatsanku bai nuna suga ba. Na san ba naku ba ne, ban dai san na wa ne ba.”

“Mi ya hana ka faɗa?”

Ya sunkuyar da kai. “Baba, ni in ce kun yi ƙarya?”

Ashe kwana biyar ɗin nan shi ma bai yi barcin kirki ba. Ya je ya gaya wa likita, sunka rasa yadda za su yi da ni, sai sunka bar ni da uwar gida da zogale, sunka ce kafin a kai mako za ni kawo mai shi.

Agwai ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. “To ina likitocin da sunka taru?”

Sun taru kuwa, amma ba don yabo ba. Anka soki yatsansa, na'urar ta nuna abin da ya sa wata ma'aikaciya ta ce mai ya zauna tukuna. Anka ɗebi jininsa, anka danna ƙafarsa yatsa ya lotsa. Ya zage ni da Hausa, ya ga ba ta isa ba ya koma Fillanci.

Ni kuwa na cika tawa kwalbar da ƙyar, na kawo ta naɗe cikin hulata. Surukina ya karɓa, ya juya mini baya kafin ya ɗaga ta a haske, Allah ya yi mai albarka. Anka shafa mini wani abu mai sanyi a ciki anka ɗauki hoto. Likita ya ce tsakuwa ce ta taso daga ƙoda ta maƙale a hanyar da ke gangarawa mafitsara. Ya ce in mutum ba ya shan ruwa ga zafi ga gishiri ga nama, fitsari kan yi kauri har ya daskare, kamar yadda kanwa ke kamawa a gindin tukunya. Ya ce na yi sa'a ƙarama ce, za ta iya fita da kanta, da ta fi haka sai an kai ni Sakkwato.

Anka kwantar da mu gado kusa da gado. Ni an rataya mini ƙarin ruwa an yi mini allurar kashe zafi, an aje mini buta cike an ce in sha. Shi an hana shi suga ana koya mai haɗiyar ƙwaya. Duk wanda ya shigo dubiya sai Agwai ya nuna ni ya ce, “Ku gan shi nan, ɓarawon fitsari.” Uwar gida ta zo da abinci kwano biyu, ta aje mai nashi da hannu biyu, nawa ta tura da ƙafa.

Kwana na uku da hantsi abin ya fito. An ba ni wani ɗan kwano an ce in riƙa tarewa. Na yi ƙarar da masu jinya sunka leƙo ta taga, sai na ji ƙit. Na duba. Ba ta kai ƙwayar dawa ba. Na so a ce ta kai ko goriba, don in samu abin nuna wa mutane. Uwar gida ta sa tabarau ta duba ta ce, “Wannan ce? Ni na haifi tara ban rungumi turmi ba.” Tsakuwar tana nan har yau cikin akwatin ashana bisa taga.

Abokina yana nan da ransa. Duk wata yana zuwa a duba shi, yana shan ƙwayarsa, ƙafar ta saɓe har ya sayi takalmin da bai tsage ba. Shayinsa ba suga, kuma kullum sai ya gaya wa mai shayi ni na jawo mai. Har gobe bai yarda ciwon nashi ne tun asali ba, ya ce a aljihuna ya ɗauko.

Ranar da anka sallame ni surukina ya rako ni har bakin ƙofar asibiti, yana bayana da taki biyu, riƙe da ledar maganina. Ga rana ta take, ga mai ruwan sanyi yana wucewa, maƙogwarona kamar an shanya fata. Na bar mai ruwan ya wuce. Da munka kai inda babura ke tsayawa sai ya durƙusa ya miƙo ledar, ya yi wata magana yana duban takalmina. Amsarta ta zo mini har bakin haƙora, na haɗiye ta, kuma har yau ban ba shi ba, ko da yake yanzu in na hango farar rigarsa da azahar sai in ɗauki moɗata in zagaya bayan rumfa. Cewa ya yi:

“Baba, don Allah a daure a riƙa shan ruwa. Shekara bakwai kullum ina zaune gunku, ban taɓa ganin kun kai moɗa baki ba.”